Mudun Kasuwa da Mudun Ciki: Nasiha ga 'Yan'uwa na Babbar Kasuwar Yamai

 

Babbar Kasuwar Yamai gidan awo ce. Tun daga buɗe ƙofofinta da safe har zuwa rufe su da maraice, ba abin da ake yi a cikinta sai aunawa da ƙirgawa. Mai sukari yana kan sikeli, mai hatsi yana kan tiya, mai shadda da atamfa yana riƙe da mita, tela ya rataya ma'auninsa a wuya. Dattawan da suka ga gobarar 1982, suka jira har aka sake gina kasuwar aka buɗe ta a 1987, sun fi kowa sanin darajar lissafi, domin sun taɓa wayar gari ba su da komai sai abin da ke rubuce a littafin bashi. A cikin waɗannan bayin Allah akwai 'yan'uwa masu yawa, ma'abuta wuridi, waɗanda ba sa wasa da sallar jam'i ko da mai saye yana tsaye a bakin shago. In aka kawo wa ɗayansu buhun shinkafa mai kilo 50 ya tarar da 49, ba zai yi barci ba sai ya san inda kilo ɗayan ya shiga. Amma a tambaye shi yaushe rabonsa da hawa sikeli shi kansa, sai ya yi dariya ya ce tun lokacin da aka yi masa gwajin tafiya Makka.

Wanda ya san gaskiyar lamarin shi ne tela. Littafin tela ba ya ƙarya. Ɗinkin ƙaramar Sallah ya ƙara yatsa biyu a ƙugu, ɗinkin Maulidi ya ƙara yatsa ɗaya, shekara ta zagayo ya sake ƙarawa. Babbar riga kuwa mai rufin asiri ce, tana ɓoye tumbi har shekara goma mai ita bai lura ba, sai ranar da ya zo ɗaure mazagi ya ga ya kusa ƙurewa.

Abin da ya kamata ya tsayar da muridi ya yi tunani shi ne lokacin da wannan ƙari yake zuwa. Yana zuwa ne a kwanakin ibada. Daga ganin watan Ramadan zuwa ranar Layya kusan kwana 100 ne, kuma su ne kwanakin da kasuwa ta fi cika, su ne kuma kwanakin da tukunya ta fi maiƙo. Tun cikin Sha'aban ake fara jigilar katan-katan na sukarin azumi zuwa gidajen iyaye da surukai, al'ada ce ta sada zumunci kuma Allah Ya saka wa masu yi. Da an sha ruwa sai a shimfiɗa kunu da zoɓo da lemu-hari da ƙanƙara, ga fanke, ga ƙosai, ga soyayyen dankali, ga dabino, sannan a ce wannan buɗa baki ne kawai, abinci yana nan tafe bayan asham. Bayan kwana 70 da ƙaramar Sallah sai Layya ta zo, unguwannin Yamai su turnuƙe da hayaƙi, raguna a banƙare a jikin itace an kewaye wuta da su tun daga hantsi har dare. Washegari a raba, abin da ya saura a soye shi cikin kitsensa, a yi makonni ana cinsa safe da rana da dare. Kafin jiki ya huta sai ga Maulidi, sai ga bukukuwan aure da suna da ake tarawa bayan kaka da cikin sanyi.

Likitoci sun bi diddigin wannan abu a wurare daban-daban. Da aka tattara bincike masu yawa a kan masu azumin Ramadan, an ga yawancin mutane sukan rage kilo ɗaya da ɗan wani abu a cikin watan, amma cikin 'yan makonni bayan Sallah sai ya dawo. A Amurka kuma, a shekarar 2000, wasu likitoci sun buga sakamakon bin mutum 195 da suka yi ta aunawa kafin bukukuwansu na ƙarshen shekara da bayansu. Abin da suka ƙara bai kai rabin kilo ba, ƙasa da yadda su kansu suke zato. Sai dai wannan ɗan kaɗan ɗin bai sauka ba, yana nan har shekara ta zagayo ta ɗora wani a kansa. Duk ɗan kasuwa ya san wannan lissafi, shi ne lissafin bashin da ba a biya: rabin kilo a shekara, cikin shekara 20 ya zama kilo 10.

A ƙauye ma jiki yana hawa da sauka, tun kaka da kakanni. Manomi yana ramewa da damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa aikin noma kuma ya yi yawa, sannan ya murmure da kaka idan sabon gero ya shigo. Masu binciken da suka shekara da shekaru suna auna manoma a Keneba ta ƙasar Gambiya sun ga haka ƙarara. Wancan jiki yana ajiya ne don ya san ranar ɗiba tana zuwa. Shi kuwa mai shago a Babbar Kasuwa ya gaji jikin kakansa manomi, amma bai gaji daminarsa ba. Ya fito daga Bukoki ko Lazare ko Talaje a mota ko a kan babur, ya zauna a kan kujera daga safe zuwa la'asar, yaro ne ke ɗauko kaya, yaro ne ke kawo abinci. Kullum kaka ce a wurinsa. Ana zubawa a rumbu, ba a ɗiba.

Allah Maɗaukakin Sarki Ya ambaci ma'auni sau uku a jere a farkon Suratur Rahman, Ya haɗa shi da ɗaukaka sama, Ya hana a ƙetare iyaka a cikinsa ko a tauye shi. Ya saukar da sura sukutum a kan masu tauye mudu, kuma an ruwaito daga Abdullahi ɗan Abbas cewa lokacin da Annabi (S.A.W) ya isa Madina mutanenta suna cikin mafi munin mutane wajen awo, da surar ta sauka sai suka gyara. Mutanen Annabi Shu'aibu (A.S) kuwa an san abin da ya same su. Wannan babi 'yan'uwa na kasuwa sun karance shi, Alhamdulillahi. Amma akwai wani mudu da Shugaba (S.A.W) ya yanka da kansa wanda ba a cika karanta shi a kasuwa ba. Imamu Tirmizi ya ruwaito daga Miƙdamu ɗan Ma'adikariba cewa Annabi (S.A.W) ya nuna babu mazubin da ɗan Adam ke cikawa da ya kai ciki sharri, 'yan lomomin da za su tsayar da gadon bayansa sun ishe shi, in kuwa ba makawa to ya raba cikin kashi uku: ɗaya na abinci, ɗaya na abin sha, ɗaya na numfashi.

A nan ya kamata ma'abucin zikiri ya tsaya ya daɗe. Kashi na uku na numfashi ne. Mutanen Allah ba su ɗauki numfashi abin banza ba, suna ganin kowane numfashi jari ne da aka ba bawa, in ya fita ba ya dawowa, kuma za a tambaye shi inda ya kashe shi. Da numfashi ake istigfari, da shi ake Salatul Fatihi, da shi ake hailalar yammacin Juma'a. Ke nan wannan kaso na uku shi ne rabon zikiri a cikin jikin mutum. Wanda ya cika kason abinci ya zarce ya cinye na ruwa, ya zarce ya danne na numfashi, ya tauye mudu, kuma wanda ya tauye wa shi ne ruhinsa. Alamar tana bayyana a zawiyya. A zauna wazifa bayan magariba, kafin a gama istigfari 30 wani ya fara hamma, a tsakiyar salati 50 kai ya fara rinjaya, ana shiga Jauharatul Kamali sai na kusa da shi ya taɓa masa gwiwa. Ya kan ce gajiyar kasuwa ce. Wani lokaci gajiyar ce, sau da yawa kuma shinkafa da miyar rana ce da ba ta gama sauka ba.

Muridi mutum ne mai adadi. Ba ya yin lazimi da ƙiyasi, ɗari ɗari ɗari ne safe da yamma, in ya yi shakka ya san yadda ake gyarawa, carbinsa ba ya rabuwa da hannunsa. Abin mamaki ne a ce wanda ba ya yarda ƙwayar carbi ɗaya ta kuɓuce masa bai san ƙwayar sukari nawa ke shiga cikinsa a yini ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da babba ke sha ya wuce kamar giram 50 a yini, in ya tsaya a 25 ya fi. Ƙwayar sukarin kwali ɗaya tana da giram 5 ko 6. To, a ƙirga shayin fada, na farko da na biyu da na uku, da safe a bakin shago sannan da dare a ƙofar gida. In an ce ƙwaya biyu ce ta faɗa wa kowane kofi, an sha 12 ke nan, an wuce iyaka tun ba a taɓa kunu ba. Lemon kwalba guda ɗaya yana ɗauke da giram 35 ko kusa da haka. Mai kuma ya fi sukari nauyi, giram ɗaya nasa ya ninka na sukari fiye da sau biyu wajen abin da yake tara wa jiki.

Akwai wata magana da wasu 'yan'uwa ke fakewa da ita. Sukan ce ɗariƙar Shehu Ahmadu Tijjani (R.T.A) ɗariƙar godiya ce, ba ta yunwa da shiga halwa ba. Maganar gaskiya ce. Magabatan sufaye irin su Sahalu Tustari sun gina tarbiyyarsu a kan yunwa da rashin barci da shiru da kaɗaita, Imamu Gazali kuma ya ware littafi guda a cikin Ihya'u a kan karya sha'awar ciki da ta farji. Shehu bai shardanta wa almajiransa wannan wahala ba, kuma haka Shehu Ibrahim Inyass (R.T.A) ya tarbiyyantar da manoma da 'yan kasuwa da ma'aikata suna cikin sana'o'insu da iyalansu. Amma a tambaya, mece ce godiyar? An ruwaito cewa Imamu Junaidu yana yaro ɗan shekara bakwai a gaban kawunsa Sariyyu Saƙaɗi aka tambaye shi, sai ya nuna godiya ita ce kada bawa ya saɓa wa Allah da ni'imar da Ya ba shi. Ayar Suratul A'araf da ta halatta ci da sha, ita ce a cikin numfashi guda ta hana ɓarna, ta kuma sanar cewa Allah ba Ya son maɓarnata. Rangwamen da Shehu ya yi na ɗauke yunwa ne, ba wanda ya ji an ce ya ɗauke mudu. Gazali ma ya koka tun a zamaninsa da mutanen da ke tara wa Ramadan kalolin abinci har su ci a cikinsa abin da ba sa ci a watanni da dama. Wanda ya leƙa layin masu sukari da mai a Babbar Kasuwa ana gobe azumi zai ce da su Malam yake.

To yaya mutum zai san matsayinsa? Ido ba ya faɗin gaskiya a nan, bare bakin mutane, domin a ƙasar nan wanda ya ajiye tumbi ce masa ake hutu ya karɓe shi, wanda ya rame kuma a fara tambayar ko karaya ta same shi. Likitoci suna da lissafin da asalinsa ya fito daga wani masanin ƙididdiga ɗan ƙasar Beljiyam, Adolphe Quetelet, tun a wajajen 1830. Ana ɗaukar tsawon mutum da mita a ninka shi da kansa, sannan a raba nauyinsa na kilo da abin da ya fito. Misali mutum mai tsawon mita 1.70, in an ninka ya ba da 2.89. In nauyinsa kilo 85 ne, a raba, zai ba da 29 da ɗoriya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ƙasa da 18.5 rama ce, daga nan zuwa ƙasa da 25 daidai ne, daga 25 nauyi ya fara yawa, daga 30 kuwa ƙiba ce da ake ɗauka a matsayin cuta. Mai wannan tsawo ke nan daidai gare shi yana tsakanin kilo 54 da 72. Lissafin bai fi ƙarfin wanda ke juya sefa zuwa naira da ka ba.

Sai dai wannan lissafi yana da makanta. Ba ya bambance tsoka da kitse. Ɗan dakon da ke sauke buhuna a Katako zai iya yin nauyi a sikeli alhali ba kitse a jikinsa, wani kuma siririn hannu da ƙafa ne amma cikinsa ya yi gaba. Ba a kuma auna mai juna biyu ko ƙaramin yaro da shi. Kitsen da ya fi haɗari shi ne na ciki, wanda ke lulluɓe hanta da hanji, shi ne ke jawo ciwon sukari da hawan jini, wanda mutanen Yamai ke kira tansiyo. Don haka awon ƙugu ya fi kusa da gaskiya, kuma ya fi sauƙi. Ƙa'idarsa ita ce kada faɗin ƙugu ya kai rabin tsawon mutum. Ko ma'aunin tela babu, igiya ta isa, ko ma rawani: a auna tsawon mutum da shi daga ƙafa zuwa ka, a ninka biyu, a zagaya ciki da shi wajen cibiya, tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da ƙashin ƙugu, bayan an saki numfashi ba tare da shanye ciki ba. In bakin biyu suka haɗu, Alhamdulillahi. In suka ƙi haɗuwa, jiki ya ba da saƙo. Shanye ciki lokacin awo kuwa shi ma tauye mudu ne, sai dai mai yi kansa yake cuta.

Wannan magana ba ta ado ba ce. Duk wanda ya daɗe a zawiyya ya ga yadda abin ke tafiya. Ɗan'uwan da a da yake tsayuwa a hailala har a shafa Fatiha, sai a ga ya koma jingina da bango. Bayan shekara biyu ya zo da kujera domin gwiwa ta ƙi lanƙwasa, goshin da ya saba da ƙasa shekara 40 ya koma nuni daga sama. Uzuri ne karɓaɓɓe kuma ladansa cikakke ne in Allah Ya so, amma a tambaye shi abin da zai bayar a dawo masa da sujada ɗaya. Wani ƙaramin miki ne ya fito masa a yatsan ƙafa ya ƙi warkewa, sai a asibiti ya ji sunan ciwon da ya shekara yana ɗauke da shi. Wani kuma da asuba aka tarar ɓarin jiki ya shanye, harshen da ke salati dubu a dare ya kasa haɗa kalma. Ajali da cuta a hannun Allah suke, ba mai musun wannan. Amma jiki amana ne, kuma Annabi (S.A.W) ya sanar da Abdullahi ɗan Amru ɗan Asi, lokacin da ya matsa wa kansa da azumi da tsayuwar dare, cewa jikinsa yana da haƙƙi a kansa. In an tsawata wa wanda ya gajiyar da jiki da ibada, ina ga wanda ya gajiyar da shi da soye-soye?

Ɓangaren mata ya fi ban tausayi, domin su ba sakaci ne kawai ba, tura su ake yi. An san al'adar hangandi a ƙasar Zabarma, inda ake yabon mace da cikar jiki, an kuma san yadda ake ɗura wa mai jego abinci a kwanakin arba'in don kada dangin miji su ce ba a kula da ita ba. Yanzu abin ya koma ga ƙwayoyi. Amarya kafin biki, uwargida in ta ji za a yi mata kishiya, sai a nufi masu tallar magani a nemi abin da ake kira sha-ka-fashe. Wasu daga cikinsu maganin buɗe ciki ne, wasu kuma irin su dexamethasone ne, maganin da likita ke bayarwa da lissafi don wasu cututtuka masu tsanani. Wanda ya sha shi ba bisa ƙa'ida ba fuskarsa za ta kumbura, jiki ya tara ruwa, sukari da jini su hau, ƙashi ya yi rauni, garkuwar jiki ta faɗi. Kuma wadda ta daɗe tana sha ba a yanke mata shi rana ɗaya, sai likita ya janye shi a hankali, domin yankewar ma haɗari ce. Rabin laifin nan yana wuyan maza. Muridin da ke yi wa matarsa gorin rama, ko yake yabon jikin wata a gabanta, shi ya aike ta wurin mai ƙwaya ko da bai ba ta kuɗin ba.

Masu neman ragewa su ma suna da tasu kasuwar. Shayin rage tumbi, garin da ba a san abin da ke ciki ba, jiƙon da ake sha a kwana ana zagayawa. Galibinsu masu sa gudawa ne irin filasko, ko masu sa fitsari. Ruwa suke fitarwa, sikeli ya nuna an ragu, bayan kwana uku a koma gidan jiya, ƙoda kuma ta sha wahala a banza. Abin da aka tabbatar yana aiki ba shi da kwalba. A wani babban bincike da aka buga a Amurka a 2002, mutanen da ke bakin kamuwa da ciwon sukari aka sa su nufi rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu da yin tafiyar minti 150 a mako, sai kamuwarsu da ciwon ta ragu da kashi 58 cikin 100. Ga mai kilo 85, kilo 6 ke nan, kuma ba a son saukar ta wuce kamar rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako. Minti 150 kuwa rabin awa ne sau biyar. Wanda ya bar babur ya taka daga kasuwa zuwa Babban Masallaci ranar Juma'a, ya riƙa zuwa zawiyya da ƙafa, ya yi lazimin safe sannan ya zaga unguwa kafin rana ta yi zafi, ya cika adadin, ga kuma ladan taku.

Sauran duk yana cikin sunna tun kafin a rubuta shi a littafin likita. A buɗe baki da dabino kaɗan da ruwa, a tashi a yi magariba, ciki ya sami labari kafin a auka masa. A ci a zaune, a ci a hankali, a ɗauke hannu da sauran marmari. A bar wa zogale da kwaɗo da dambu da wake wuri a akushi, a rage man da ake malala musu. Fura da nono abincin kirki ne matuƙar ba a mayar da ita ruwan sukari ba. Naman Layya a faɗaɗa rabonsa, abin da ya fita zuwa gidan maƙwabci ba ya zama a ƙugu. Azumin Litinin da Alhamis da kwana uku a kowane wata yana horar da ciki, amma a tsarkake niyya, a yi shi don Allah, sauƙin jiki ya biyo baya a matsayin kyauta. Mai ciwon sukari kuwa, musamman mai allura, kada ya ɗauki azumi na farilla ko na nafila sai ya zauna da likita, domin Wanda Ya wajabta azumi Shi ne Ya yi wa marar lafiya rangwame a cikin ayoyin azumin kansu.

Wani abu kuma da ya kamata a kiyaye: kada wannan nasiha ta zama sanda a hannun kowa. Akwai wanda ƙibarsa gado ce, akwai wanda magani ne ya jawo masa, akwai wadda haihuwa ce ta bar mata. Uwar Muminai Nana A'isha (R.A) ta ba da labarin yadda ta yi tsere da Annabi (S.A.W) ta wuce shi, bayan shekaru da ta yi jiki suka sake ya wuce ta, ya yi dariya ya nuna an yi ramuwa. Raha ya yi mata, bai kunyata ta ba. Ranar da iska ta kwaye ƙwaurin Abdullahi ɗan Mas'udu yana kan bishiya, sahabbai suka yi dariyar sirantarsa, sai Shugaba (S.A.W) ya sanar da su cewa waɗannan ƙafafu sun fi dutsen Uhudu nauyi a Mizani. Ya kuma ba da labarin ƙaton mutum mai ƙiba da zai zo ranar Ƙiyama bai kai nauyin fiffiken sauro ba a wurin Allah, saboda abin da ya rasa na imani da aiki. Sikelin kantin magani ba ya auna waliyyi. Akwai bayin Allah masu jiki da suka riga kowa isa, akwai ramammu da girman kai ya cika. Wanda ya rage kilo 10 ya ƙara jiji da kai ya yi asara a cinikin.

A garin nan kuma sikeli iri biyu ne. Iyaye mata da yawa sun san ɗan tsirin nan mai kore da rawaya da ja da ake ɗaura wa yaro a damtse, wanda ya zama sananne tun yunwar 2005. In damtsen yaro ɗan wata 6 zuwa shekara 5 bai kai santimita 11.5 ba, yana cikin ja, rayuwarsa tana cikin haɗari. Mafi yawan masu shago a Babbar Kasuwa suna da ƙauyen da suka fito, kuma sun san watan da tukunya ke yin shiru a can. A shekarar fari da aka yi zamanin halifancin Sayyidina Umar (R.A), wadda ake kira shekarar toka, ya haramta wa kansa man shanu har sai mutane sun samu, ya dawwama a kan man zaitun har launin jikinsa ya sauya. Ba a nemi kowa ya kai nan ba. Amma kason da aka rage daga akushi yana da inda zai je: almajiran zawiyya, 'yan dako, masu gadi, dangi na ƙauye a tsakiyar damina. In katan goma ake rabawa na sukari, babu laifi biyar su zama gero ko wake.

Abu ne mai sauƙi muƙaddami ya sa a ajiye sikeli ɗaya da ma'aunin tela a wani lungu na zawiyya, mata su ma a ajiye musu nasu a ɓangarensu, kowa ya auna a asirce ba tare da an yi shela ba. Sau uku a shekara ya isa a gane inda aka dosa: tsakiyar Sha'aban, mako biyu bayan ƙaramar Sallah, da wata ɗaya bayan Layya. A yi awon a kan sikeli ɗaya, da safe kafin a karya, da tufafi marasa nauyi, domin nauyin mutum yana iya motsawa da kilo ɗaya ko fiye tsakanin safe da dare saboda ruwa da abinci kawai. A rubuta a bayan littafin shago, kusa da lissafin zakka. Wanda ya haura shekara 40, ko yake da mai ciwon sukari a gidansu, ya haɗa da gwajin jini da na sukari ko da yana jin garau, domin su biyun sukan daɗe ba su yi magana ba.

Akwai kuma sauyin nauyin da ba a jira da shi zuwa Sha'aban. Mutumin da ke ramewa ba tare da ya rage ci ba, ga ƙishirwa ga yawan fitsarin dare, ko ga tari da ya wuce mako biyu da zufar dare, da kuma wanda nauyinsa ya hau cikin 'yan kwanaki ƙafafu suka kumbura numfashi ya yi gajere in ya kwanta, waɗannan a yi musu addu'a a zawiyya da daren, da safe wani ɗan'uwa ya tsare musu shago, wani ya raka su asibiti.